Gahawata da Goron Baba

Na fara shan gahawa ne a shekarar da aka turo ni Birnin Kudu aikin malamin gona. Kafin nan shayi nake sha kamar kowa, a teburin mai shayi, a zuba madara da sukari har cokali ya kusa tsayawa a ciki, ga burodi ana tsomawa. Ba na raina shi, don shi ya riƙe ni lokacin da nake gwauro. Amma in za a faɗi gaskiya, wannan ba shayi ba ne, kunu ne da ya shiga birni ya waye.

Wanda ya ɓata ni wani tsoho ne, maƙwabcina a gidan haya, wanda ya yi shekaru a Sudan kan hanyarsa ta dawowa daga aikin hajji. Kullum da safe wani ƙamshi ke tsallako katanga ya same ni. Na daure kwana uku, a na huɗu na yi sallama da sunan gaisuwa. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce ai hancina ya riga ƙafata zuwa, in zauna. Ya zuba mini a finjali, wani ɗan kofi da bai fi ƙwan kaza girma ba. Na kurɓa na yamutsa fuska. Ya ce in yi haƙuri, ba a yanke wa gahawa hukunci a kurɓar farko.

Tsohon ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma yadda ya koya mini haka nake yi har yau. Bayan sallar asuba sai in hura gawayi a ɗan murhu, in zuba 'ya'yan gahawa cikin tafi ɗaya a kasko, in yi ta juyawa har su tashi daga kore-kore su koma baƙi-baƙi, su fara ƙara kamar ana taka busasshen kara. In ka yi sakaci kaɗan sun ƙone, ka yi asarar safiyarka. Daga nan sai ɗan turmi, in daka su da busasshiyar citta da kanumfari ƙwaya ɗaya tak. In zuba garin a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, in bar ta ta tafasa ta taso, in sauke, in mayar, har sau uku. Kurɓar farko ɗaci ne zalla. A ta biyu ƙamshin ke buɗewa, ya hau ta hanci. A ta uku sai in ji kamar an share mini tsakar kai an yayyafa ruwa, tunani ya zauna daram, ba gaggawa ba kasala. A lokacin rana ba ta gama hawa kan duwatsun garin ba, unguwa shiru sai zakaru.

Na gwada sauran, kada a ce ban yi adalci ba. Shayin Buzaye, wanda ake dafawa a 'yar buta ana ɗaga hannu sama ana tsiyayawa har ya yi kumfa, yana da daɗi, amma sai mutum ya sadaukar da yammacinsa gaba ɗaya, ya kuma saurari gardamar ƙwallo da siyasa tun daga dahuwar farko har ta uku. Lemon gwangwanin nan da 'yan acaɓa ke ɗurawa don kada barci ya ɗauke su, na sha sau ɗaya a hanyar Wurno da zan je duba gonakin shinkafa. Zuciyata ta yi ta dukan uku-uku har azahar, kamar wanda ya yi sata. Shi kuwa kofi na leda da ake zubawa a ruwan zafi, ban san da me zan kwatanta shi ba, sai dai in ce ya ji labarin gahawa daga nesa. Abin da na fi so game da tawa shi ne ba ta bukatar kowa. Ni da murhuna da finjalina, shi ke nan.

Saura goro, kuma a nan ne na yi abin kunya.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Sara, a ƙasar Gwaram, kuma tun da na buɗe ido na san shi da goro a aljihu. Ni ne ɗan fari, a wajenmu kuwa uba ba ya sakin jiki da ɗan fari. Ba ya kiran sunana. In zai yi mini magana sai ya ce kai, in kuma tsokana ta motsa ya ce malamin gona, wai mutumin da ke koya wa manoma noma daga kan babur. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya taso ya tarar.

Wata rana na je gida sunan ɗan ƙanwata. Muna zaune a zaure da dattawan gari bayan an shafa fatiha, sai Baba ya zaro farin goro, ya ɓara shi biyu da farcen babban yatsa, ya miƙo mini ɓari ɗaya. Bai taɓa yi mini haka ba. Ko yaron goye ya san abin da ake yi in babba ya ba ka goro: ka sa hannu biyu ka karɓa, ka yi godiya, in ba ka ci ka jefa a aljihu, ba wanda zai bi ka ya duba. Ni kuwa a lokacin kaina na hayaƙi, sabon shiga gahawa, ina ganin na gano abin da duk ƙasar Gwaram ba ta sani ba. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, ai na daina cin goro, yana ɓata haƙori. Gahawa nake sha yanzu."

Hannunsa ya ɗan tsaya a sama. Ya ce, "To, madalla." Ya juya ya ba mutumin da ke gefensa. Aka ci gaba da hirar farashin taki. Tun kafin in fita daga zauren na san na yi ɓaranɓarama, amma magana zarar bunu ce. Na yi ta cewa zan ba shi haƙuri, na kasa samun bakin farawa, har shekaru suka wuce. Shi ma bai sake miƙo mini goro ba.

Inna, mahaifiyata, ta rasu bayan kaka, an gama shigar da gero rumbu. Ba ta yi doguwar jinya ba. Baba ya karɓi gaisuwa kamar kowane dattijo, yana cewa sai haƙuri, har ma shi ke ba mu baki. Sai da 'yan zaman makoki suka watse sannan abin ya bayyana. Ƙanwata, wadda ke aure a nan ƙauyen, ta kira ni a waya ta ce Baba ya daina fita gindin bishiyar da suke zama da abokansa, tuwo in ya yi loma uku ya ture, daga masallaci sai ɗaki. Ta ce ko goro ya daina ci. Na kai shi asibiti aka duba, aka ce ba a ga komai ba sai shekaru. Ni dai na ga abin da na gani: mutum ne ya saki igiya. Tsoron da ya kama ni shi ne kada ya bi ta kafin damina, kuma ban ɓoye wa kaina wannan tsoron ba.

Na ɗauko shi na kawo shi Birnin Kudu. Bai yi gardama ba, rashin gardamar ma ya fi komai tayar mini da hankali, don Baban da na sani ko jaki za a saya sai ya yi musu da mai shi kan shekarunsa. Muka gyara masa ɗakin da ke jikin zaure. Maiɗakina ta yi ta canza miya, yau kuka gobe kuɓewa, a dama fura da nono mai kyau, kwano ya dawo kusan yadda ya tafi.

Ni kuma na ce bari in ɓullo ta wajen goro. Na je kasuwa na sa aka zaɓo mini daushe, wanda ya kwana biyu ya yi garɗi, manya-manya farare, irin waɗanda na san yana so. Na zuba a faranti mai kyau na ajiye masa kusa da shimfiɗa, na ce, "Baba, ga goro." Ya ce Allah ya yi albarka. Bayan kwana uku na shiga na tarar da su yadda na ajiye, sun fara yaushi. Na kwashe na sayo wasu. Su ma haka. Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba. Na fito ina faɗa ƙasa-ƙasa a tsakar gida, ina cewa mutum ya yi iya yinsa, me kuma ake so ya yi. Maiɗakina ta dube ni kamar za ta yi magana, ta ga fuskata, ta fasa.

Wata safiya ina cikin dakan gahawa a ƙofar zaure sai na ji tari a bayana. Baba ne tsaye, riƙe da bakin ƙofa.

Ya ce, "Kai, wane irin daka ne wannan namiji ke yi da sassafe?"

Na ce, "Gahawa ce, Baba."

Ya ce, "Au, ita ce wannan?"

Na gane bai manta ba, kunya ta rufe ni. Na yi sauri na shimfiɗa masa buzu, ya zauna yana kallon yadda nake ɗora tukunya ina saukewa. Da ta dahu na zuba a finjali, na miƙa masa da hannu biyu. Da ya ce ya daina shan abin da bai sani ba, da ya rama, kuma da ban ga laifinsa ba. Sai ya karɓa. Ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

Ya ce, "Wannan ai goro ne aka dafa. Ba ni ruwa."

Na kawo ruwa a moɗa. Ya sha, ya ɗan jira, ya girgiza kai.

Ya ce, "A'a, ba goro ba ne. Goro in ya yi maka ɗaci, da ka sha ruwa sai ya ba ka haƙuri, ka ji zaƙi har maƙogwaro. Wannan taka ba ta san ba da haƙuri ba."

Maganar ta zauna mini daidai, ko da nufi ya yi ta ko ba da nufi ba. Amma na ji daɗi, don tun rasuwar Inna ban ji ya jera magana mai tsawon haka ba. Ya shanye rabin finjalin ya koma ɗaki.

Na shiga cikin gida na ba maiɗakina labari ina murna. Sai a lokacin ta faɗi abin da ta riƙe. Ta ce, "Malam, in ba za ka yi fushi ba, goron nan da kake ajiye wa Baba a faranti, kamar baƙo kake yi masa. Inna ta taɓa gaya mini, tun da aka kawo ta gidan bai taɓa cin goro guda shi kaɗai ba. Da safe in ya dawo masallaci zai ɓara, ya ba ta ɓari ya ci ɓari. Da haƙoranta suka zube ma bai fasa ba, sai ta goga nata a magogi. To yanzu in ya ɓara, wa zai miƙa wa ɗayan? Ni suruka ce, ba zan zauna gabansa ina tauna goro ba. Kai kuma ka gaya masa ka daina."

Na ce, "Ke wa ya gaya miki na ce na daina?"

Ta ce, "Wa ye bai sani ba a ƙauyenku?"

Na girma a gidan nan, na sha ganin Baba ya leƙa ɗakin Inna da safe ya fito, ban taɓa tambayar kaina me yake kai mata ba. Ina yawo ƙauye-ƙauye ina gaya wa mutane abin da gonarsu ta rasa, ga shi na kasa gane abin da mahaifina ya rasa, yana kwance a zaurena.

Da yamma na sayo goro guda ɗaya tak. Washegari da Baba ya fito jin ƙarar turmi, na bari sai da ya zauna, na durƙusa na ba shi a hannu. Ya karɓa zai ajiye a gefen buzu, sai na ce, "Baba, a ɗan sam mini."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yawan yi. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Haƙoran fa?"

Na ce, "Sun haƙura, Baba. Ni ne dai ban da hankali a lokacin. A yafe mini."

Ya ce, "Yaro ai yaro ne ko da gemu." Ya sa farce a tsagar goron, bai ɓaru ba sai a karo na biyu. Ya duba ɓarin biyu ya miƙo mini babban. Na sa hannu biyu na karɓa. Muka zauna muna tauna, gahawa na tafasa har ta zube a gawayi ban kula ba. Na ga ya kau da kai gefe yana goge ido da bakin rawaninsa, ni ma na duƙa ina gyara wutar da ba ta bukatar gyara. Da na sha ruwa a bayan goron na ji zaƙin da ya faɗa, wanda na manta da shi shekara da shekaru.

Daga ranar safiyarmu ta samu tsari. Ni in soya in daka in dafa, shi ya ɓara. Ya sha rabin finjali, bai taɓa wuce haka ba, yana cewa kada ta saba da shi. Ni in ci ɓarina. Sai gardama ta tashi. Ya ce abin da sai an hura masa wuta an yi masa daka an yi masa tsaro kamar mai jego, ina amfaninsa ga manomi? Goro kuwa ka jefa a aljihu ka tafi gona, in rana ta take ka gutsura, yunwa ta lafa, barci ya gudu. Ya ce da goro ake neman aure, da shi ake gayyata, da shi ake sulhu, ya tambaye ni ko na taɓa jin an ce a ba da gahawar albishir. Ni kuma in ce goro ba shi da ƙamshi, ba wanda ya taɓa tsallaka katanga saboda maƙwabcinsa na cin goro. Ya ce wannan gaskiya ne, amma ƙamshi ba ya kai mutum la'asar a bakin kunyar gona. Har yau ina nan a kan bakana cewa gahawa ta fi daɗi. Sai dai na yarda akwai aikin da goro ke yi wanda ba za ta iya ba.

A cikin wannan gardama ya fara ambaton Inna. Ba da sunanta ba, sai ya ce uwarku. Uwarku ba ta son jan goro, wai yana sa ta tari. Uwarku ta iya ajiyar goro, ta naɗe shi a ganye da tsumma mai danshi ya yi wata bai yi komai ba. Wata rana ya ba ni labarin yadda ta taɓa bin sa har gona da ɓarinsa, don ya fita da fushi bai tsaya sun raba ba, ta ce ba za ta bari fushi ya ci mata goro ba. Ya yi dariya har da tari. Ban taɓa zama da mahaifina haka ba tun da aka haife ni. Na fara makara zuwa ofis, kuma ban damu ba. Kwanon tuwo ya fara dawowa wayam, har ya aika a gaya wa maiɗakina daddawa ta yi kaɗan a miya, ta kuwa yi ta murna kamar an yabe ta.

Da bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, sai hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Wata safiya Baba ya ajiye finjali ya daɗe yana kallon sama.

Ya ce, "Kai, gobe ka mayar da ni gida. Ba a yi sharar gona ba, ban kuma san halin da iri ke ciki ba."

Na fara kawo dalilai: jikinsa bai gama ƙwari ba, mijin ƙanwata zai iya kula da gonar, a nan ga asibiti kusa, ya bari ko zuwa bayan shuka. Duk gaskiya ne, amma ba don su nake magana ba. Ni ne ba na son ya tafi. Na sami uba ina da furfura a gemu, wata biyu kacal, ga shi za a karɓe.

Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Malamin gona, kai da ka yi karatun abin, ka taɓa jin an yi shuka a zaure?"

Washegari muka kama hanyar Gwaram. A Sara ya sa aka tsaya, ya sauka da kansa ya nufi wajen mai goro, ya yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya yana kushewa, ya ce wannan hannunruwa ne, goron nan mai yauƙi, aka wanke, wancan kuma tsutsa ta riga shi. Mai goron na rantsuwa, Baba na ƙara matsa masa. Na tsaya daga baya ina kallo, na san ya dawo.

Da muka isa ƙauye ko ruwa bai gama sha ba wani tsohon abokinsa, wanda suka yi kaciya tare, ya shigo da sanda yana cewa ina ɗan birni, ai ya ɗauka an sa masa wando da kwat. Baba ya ce shi dai ya je birni ya dawo, wani kuwa ko nan kusa garin Basirka aka kai shi sai ya ɓata. Kafin in ankara sun miƙe za su je duba gona. Na ce in raka su, Baba ya ce a'a, in kama hanya tun rana ba ta yi ba, aiki na jirana, in gaida mutanen gida.

Na tsaya a ƙofar zaure ina kallonsu sun bi hanyar gona, tsofaffi biyu, suna musu kan ko gero za a fara shukawa ko dawa. Muryar Baba ce ta fi tashi. Ina ta jiran ya waiwayo, bai waiwayo ba, hankalinsa na kan gona. Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, kuma ya ba ni cikakke. Ban dai san zai yi mini ciwo haka ba. Na tsaya har suka sha kwana bayan rumbuna, sannan na shiga na yi wa ƙanwata sallama.